Kujerar Hagu

Motata ba ta taɓa mutuwa a gareji ba, ba ta kuma taɓa mutuwa a kan titi ba. A filin gudu na Harnsby kaɗai take mutuwa, a wuri guda, da zarar an fito daga Kwanar Hasumiya. Bara ta fara wannan hali.

Ni da matata Glenys muka haɗa ta da hannunmu. Cikin akwatuna goma sha ɗaya aka kawo mana ita, yau shekara talatin da ɗaya: ƙarafan shasi, wato ƙashin jikin motar, fallayen alminiyam, buhun notuna, da littafin bayani wanda shafi biyu suka ɓace daga cikinsa. Injin kuwa daga jikin wata tsohuwar mota muka ciro shi. Sanyi biyu muka yi muna ɗaurawa, ina riƙe da sifana, tana riƙe da fitila tana karanto mini littafin da muryar masu karanta labarai. 'Yar ƙaramar mota ce, kujera biyu, ba rufi, ba ƙofa. In ka zauna a ciki kana iya taɓa kwalta da tafin hannunka. Glenys ce ta zaɓi koren fenti.

Tun da muka gama ta, kowace shekara in ɗumi ya shigo mukan je Harnsby sau uku ko huɗu. Ba tsere ake yi ba. Tsohon filin jiragen yaƙi ne, kowa ya zo da motarsa ya zaga iya ƙarfinsa, ya koma gida. Ni ke tuƙi, Glenys na kujerar hagu da jar hular kwanonta. In mun doshi kwana takan buga mini gwiwa sau ɗaya, wato lokacin birki ya yi.

A watan Fabrairun bara ta rasu. Na koma Harnsby ni kaɗai a watan Yuni, motar ta mutu. Na sake komawa a Satumba, ta sake mutuwa, a karon nan ma wani saurayi da ke biye da ni ya kauce mini da ƙyar, har ya bar zanen tayoyinsa a kan ciyawa.

Shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da kimiyya a makarantar sakandare, kuma abin da na fi nanata wa ɗalibaina shi ne: a canja abu ɗaya, a gwada, a rubuta, sannan a taɓa na biyu. Haka na bi motar duk tsawon sanyin da ya wuce. Na canja fulogai, na gwada. Na canja koyil, na gwada. Na kwance kafireta, wadda ke shayar da inji mai, na wanke ta ƙwal, na busa kowace kafa. Na sauke tankin mai na leƙa cikinsa da fitila. Daga ƙarshe na sayo sabon famfon mai, irin na lantarki, na ɗaura shi a mazaunin tsohon, a bayan kujeru, na mayar masa da wayoyinsa biyu yadda na same su. Kowane gwaji motar ta ci. To, amma ai dama ba ta taɓa faɗuwa a gareji ba.

'Yata Bryony ta zo daga Leeds lokacin hutun Ista. Ta tsaya a bakin gareji ta harɗe hannu, tsayuwar uwarta sak.

"Baba, shekarunka nawa?"

"Kin fi ni sani. Ke kike aiko da katin."

"Saba'in da huɗu. Kana zaune cikin gwangwanin sadin a tsakiyar hanya, motoci na zuwa a guje. Ka ce yaron nan saura ƙiris."

"Ban ce ƙiris ba. Na ce ya kauce."

"Baba." Ta sauke hannuwan. "Bara na binne Mama. Ba na son wayata ta yi ƙara in ga lambar Harnsby."

Na goge hannuna da tsumma, na daɗe ina gogewa. Gaskiya ta faɗa, kuma ban saba yi wa gaskiya gardama ba, ko daga bakin ɗalibi ta fito.

Na ce, "Ki ba ni sau ɗaya. Asabar ta farko a watan Mayu. In motar ta kai tutar tashi, wadda ake kaɗawa a ƙarshen rana, da ƙafarta, ta zauna. In ba ta kai ba, ki zo ki ɗauki hotonta ki nemi mai saye."

"Alkawari?"

"Alkawari."

"Na gaske, ko irin wanda ka yi wa Mama na gyara famfon banɗaki?"

"Na gaske," na ce. Famfon banɗakin har yau yana ɗiga.

Ranar Asabar ɗin na fito da sassafe. Motar ba ta da wurin kaya na a zo a gani, don haka na ɗora akwatin kayan aikina a kujerar hagu, na ɗaure shi da bel, kamar yadda nake yi tun bara. Mil arba'in muka yi tsakanin gonakin alkama da na dankali, inji na kiɗa lafiya lau, ko tari bai yi ba.

A wurin ajiye motoci na samu gefen katangar tsohon ɗakin jirage, inda muka saba tsayawa. Dokar filin ce ba a shiga hanya da wani abu sakakke a cikin mota, ko da tabarau ne. Na shimfiɗa tamfol, na sauke akwatin, galan ɗin mai, fulas ɗin shayi da kujerar naɗi. Masu zuwa duk bibbiyu suke, ko uku-uku. Samari na sauke motoci daga tirela suna zolayar juna, wata mata na riƙe wa mijinta ma'aunin iska. Na auna tayoyina, na rubuta, na sake aunawa don dai hannuna ya sami abin yi.

"A'a, Malam Malcolm!" Derek ne, direban janwen filin, da kofin shayi a hannu. "Jiya na ga sunanka a takarda, na ce to bari in cika tanki."

"Yau hutawa za ka yi, Derek."

"Haka ka ce a Satumba. Igiyata ma ta san motarka, da ta hango kore sai ta fara warware kanta."

Moira Tansley ce ke kula da filin. A ƙuruciyarta ta yi tsere, yanzu ta haura sittin, ta yi jiki, muryarta kuwa ba ta bukatar lasifika. Ta tara mu ta maimaita dokoki: a wuce ta hagu kawai, a kan miƙaƙƙiyar hanya kawai, ban da riƙe agogo.

"Sai jar tuta," in ji ta. "In motarka ta tsaya a hanya, kowa sai ya dakata saboda kai. Ta farko tsautsayi ce. Ta biyu, ka naɗe tabarmarka ka tafi gida. Ba na jin roƙo, ba na jin kuka." Ba ta dube ni ba, amma mutum biyu sun waiwayo.

Rukuni-rukuni ake shiga hanya. Da aka kira rukuninmu na shiga a ƙarshen layi. Zagayen farko da na biyu na bi a hankali, tayoyi su yi ɗumi, mai ya zaga. A na uku na sakar mata. Duk wanda bai taɓa tuƙa irin wannan mota ba, da wuya in iya gaya masa yadda take. Kana ganin tayoyin gaba suna hawa suna sauka. In ka motsa sitiyari faɗin yatsa, ta riga ta juya. Iska na dukan hularka, ƙamshin ciyawa da na mai mai zafi na shigo maka tare.

Kwanar Hasumiya doguwa ce, ta dama, tana zagaye tsohuwar hasumiyar masu lura da jirage. A tsakiyarta akwai inda tsofaffin fallayen kankare suka haɗu, mota takan yi tsalle sau biyu. Na shiga da giya ta uku, na riƙe ta, ta yi tsallenta, na fito, na taka totur. Ta ja kamar daƙiƙa biyar. Sai ta yi tari. Ta sake tari. Sai shiru.

Na ɗaga hannu, na gangara kan ciyawa. Jajayen tutoci suka tashi a kowace kusurwa. Motoci goma sha takwas suka wuce ni a hankali, kowane direba ya juyo da hularsa ya dube ni.

Derek ya ɗaura igiya yana fito. "Ka ga, ban ma kashe inji ba," in ji shi.

Da ya sauke ni a gefen katanga, na yi abin da na saba. Na ɗauko akwatin kayan aiki na ajiye a kujerar hagu inda hannuna zai kai, na cire murfin inji, na murɗa makulli. Bugu ɗaya ta tashi. Na duba wuta a fulogai, akwai. Na zare tiyon mai, yana zuba. Na jijjiga kowace waya da idona ya gani. Injin na ta kiɗansa kamar yana mini dariya.

Inuwa ta rufe ni. Moira ce, da hular kwano a hammata.

"Kwashe tarkacenka daga kujerar nan, dattijo. Zan ji wannan aljanin da kunnena."

Sai da ta yi dabara kafin ta shige, tana zagin wanda ya ƙirƙiro mota ba ƙofa. Muka shiga hanya. Tun a kwanar farko na ji motar ta zauna daidai, nauyi ya rabu biyu, yadda na san ta shekara talatin. Da muka doshi Hasumiya na tsinci kaina ina jiran a buga mini gwiwa. Ba a buga ba, na makara da birki, muka shiga a karkace.

"Kai!" Moira ta yi ihu ta cikin hula. "Barci kake?"

Muka yi tsalle biyu, muka fito, na taka totur. Na ƙirga a zuci: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Motar ta ci gaba da ja har ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya. Zagaye takwas muka yi. A na biyar Moira ta fara nuna mini da hannu inda zan ƙara wuta, na ƙara, motar ta karɓa. Rabona da jin daɗi irin wannan tun kafin a kwantar da Glenys a asibiti.

Da muka tsaya ta cire hula, gashinta ya manne da gumi. "Lafiyar motar nan ƙalau. Direban ne ke bukatar sababbin fulogai. Kana taka birki kamar mai tafiya a kan ƙwai, sai kuma ka manta da shi gaba ɗaya."

"Amma kin ga an jawo ni da safe."

"Na gani. Wataƙila datti ne ya toshe wani wuri ya wuce. Yana faruwa." Ta dafa kafaɗata ta yunƙura ta fita. "Ka ci abinci, ka sha shayi. Saura maka tuta ɗaya, ka tuna."

Na ci burodina da cuku a kan kujerar naɗi, ina kallon samarin da ke gefena suna raba soyayyen dankali. Na so in gaya wa wani cewa mun yi zagaye takwas. Na ciro waya, na mayar. Bryony na wurin aiki, kuma ranar ba ta ƙare ba.

Ƙarfe biyu aka sake kiran rukuninmu. Na shiga ni kaɗai. Zagaye ɗaya, zagaye biyu. A na uku na shiga Hasumiya yadda Moira ta nuna mini, na fito da gudun da ban taɓa fitowa da shi ba. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Tari. Shiru.

A wannan karon Derek bai yi fito ba, bai yi zolaya ba. Ya ɗaura igiyarsa, ya ce, "Sannu, Malam." Wannan ya fi mini ciwo.

Moira na jira a gefen katanga da ɗan almakashi. Na miƙa mata hannu, ta yanke zaren shaidar da ake ɗaura wa direbobi.

"Ka san ba ni na so ba," in ji ta.

"Na sani. Doka doka ce. Ni ma na kori yara daga ɗakin gwaji a kan abin da bai kai wannan ba."

Ta tafi. Na tsaya ina kallon motar. Ban je na ɗauko akwatin ba, don ban ga abin da ya rage in duba ba. Na miƙa hannu na murɗa makulli, don sabo kawai. Ta yi gurnani, ta ƙi tashi. Ko a jikina. Na bar makullin a buɗe, na zaga ta gaba, na shafa hancinta inda fenti ya fara tsagewa. Na yi tunanin hoton da Bryony za ta ɗauka, da baƙon da zai zo ya buga tayoyi da ƙafa ya tambaye ni ko tana da wata matsala. Zan gaya masa gaskiya, ba makawa.

Tun da Glenys ta rasu ban taɓa zama a kujerarta ba. A gaskiya ko tana da rai ban taɓa ba, don ba ta son tuƙi. Na ce bari in ga abin da take gani daga nan, sau ɗaya, kafin motar ta bar hannuna. Na ɗaga ƙafa na tsallaka, na zauna.

Babu sitiyari a gabanka, babu agogo ko ɗaya. Sai dogon koren murfin inji da sararin sama. A jikin alminiyam, daidai inda hannun hagu ke sauka, akwai wani wuri da ya yi sheƙi saboda riƙo. Ban taɓa sanin tana riƙewa ba. Ba ta taɓa ce mini in rage gudu ba.

Sai na ji wani abu a bayana. Tik, tik, tik, tik.

Ba da kunne na fara jinsa ba, kunnuwana sun yi nauyi. A gadon bayana na ji shi, ta jikin kujera. Famfon mai ne. Yana bugawa da sauri, irin bugun da yake yi in kafireta ta bushe yana cika ta. Makulli kuwa tun ɗazu yake a buɗe. Me ya hana shi bugawa sai yanzu?

Na fita a hankali. Yana bugawa. Na kama kan kujerar na tura ta hagu, yadda doguwar kwanar dama za ta tura ta. Ya tsaya cak. Na sake ta, bai dawo ba. Na danna mazaunin da tafin hannu biyu. Tik, tik, tik. Na maimaita sau uku, don sau ɗaya ba hujja ba ce. Sau uku ya amsa.

Na durƙusa na ɗaga shimfiɗar ƙasa. Ga ta nan: baƙar waya siririya, ta fito daga bayan kujeru, bakinta na maƙale a ƙarƙashin notin da ya riƙe ƙafar kujerar hagu. Duk abin da ke aiki da lantarki a mota waya biyu yake bukata, ɗaya ta kawo masa wuta, ɗaya ta mayar da ita jikin ƙarfen shasi. Wannan ita ce mai mayarwa. Bakinta ya yi kore da tsatsa, notin kuma ya saki, ina juya shi da yatsa.

Nan take ranar ta dawo mini. Watan Janairu ne, lokacin da muke haɗa motar, yatsuna sun ƙage don sanyi. Bayanin wayoyin famfo na cikin shafukan nan biyu da suka ɓace. Wayar da ke hannuna ta gaza kaiwa inda ya kamata da kamar taƙi ɗaya, Glenys kuma na kira daga kicin cewa miya na hucewa. Na ga notin kujera a kusa, na maƙala ta a nan. Na ce na wucin gadi ne, ranar Lahadi zan gyara.

Shekara talatin nauyinta na danne wannan waya. A kan titi akwatina ke danne ta. A gareji ma akwatin ne, don kullum a nan nake ajiye shi. Da safe Moira ce. Wuri ɗaya tak kujerar ke zama ba kowa, ba komai: a kan hanyar Harnsby, inda doka ta ce a sauke kaya. Kwana ta ture ta, kankare ya ɗaga ta, famfo ya tsaya, inji ya shanye ɗan man da ke cikin kafireta a daƙiƙa biyar. Na yi sanyi guda ina canja abu ɗaya bayan ɗaya, ban taɓa lissafawa da abin da ya riga ya canja ba.

Na daɗe a durƙushe. Sannan na tashi na je na kira Moira, Derek ya biyo ta.

Na nuna musu. Na tura kujera, shiru. Na danna, tik, tik. Derek ya fashe da dariya har da dafa gwiwa.

"Malamin kimiyya! A notin kujera! Wallahi ko ni da na faɗi jarrabawa sau biyu..."

Moira ma ta fara dariya, sai ta tsaya. Ta san Glenys. Sun sha raba kek a wannan gefen katanga.

"Wato duk shekarun nan ita ce ke..." Ba ta ƙarasa ba.

"Ita ce," na ce.

Derek ya cire hularsa ya sosa kai, ya mayar.

"Moira, ina roƙon rukunin ƙarshe," na ce. "Na yi wa 'yata alkawari. In motar ba ta kai tutar tashi ba yau, sayar da ita za a yi."

"Da safe me na ce game da roƙo?"

"Kin ce ba kya ji."

Ta hura hanci, ta dubi hanya, ta dube ni. "To ga abin da zan iya. Ka shiga rukunin ƙarshe, ni in zauna a nan. Da ni a ciki mun san ba za ta mutu ba. Ka ga tutarka, ka gaya wa yarinya, kowa ya huta."

Tayi ne na alheri, kuma na so in karɓa, ba don tutar kaɗai ba. Zagayen nan takwas na safe suna raina.

"Na gode," na ce. "Amma ba ke za ki riƙa zama a nan ba duk ranar da na zo. Abin da Bryony ke tsoro shi ne ni kaɗai a tsakiyar hanya. In ban gwada ta ba kowa ba, ban gwada komai ba."

"Taurin kai dai, kamar na tsohon jaki."

"Haka Glenys ke cewa."

"In ka tsaya mini karo na uku, ni masu filin za su tsige, ka sani?" Ta juya ga Derek. "Kai, in ya gama ka duba aikin da idonka. Ka ja wayar da ƙarfinka. In ta motsa ko kaɗan, ka ɗora motar a janwe ka kai shi har ƙofar gida." Ta zaro sabon zare daga aljihu ta jefa mini a cinya. "Minti goma sha biyar na ƙarshe. A bayan kowa."

Aikin bai kai rabin awa ba. Na yanko sabuwar waya mai kauri, mai isasshen tsawo. Na kankare fenti a jikin shasi har ƙarfe ya yi fari, na huda, na ɗaure ta da noti biyu. Na ɗaure ƙafar kujerar ita ma. Sai tsohuwar wayar ta rage. Na sa filaya a kanta, hannuna ya tsaya. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, har sai da Derek ya yi gyaran murya ya juya yana kallon wani wuri. Na datse ta.

Ya ja sabuwar har motar ta girgiza. Ya tura kujera hagu da dama, ya ɗaga ta, ya bubbuga. Famfo bai fasa bugawa ba.

"To, Malam," in ji shi. "Je ka. Ni dai ba zan kashe inji ba."

Ƙarfe biyar saura kwata na shiga, a bayan kowa. Rana ta karkata, inuwar hasumiya ta kwanta a kan hanya. Yawancin mutane sun riga sun fara ɗaure kaya, motoci shida ne kawai a gabana. Ban jira zagaye na uku ba. Tun a na biyu na doshi kwanar da duk abin da motar ke da shi, na zaɓi wurin birki da kaina, a daidai wani facin kwalta. Ta kwanta, ta yi tsalle biyu, bel ɗin kujerar hagu na kaɗawa a iska. Na fito na taka totur har ƙasa.

Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu. Biyar. Shida. Bakwai.

Na sa giya ta huɗu. Ta ja, ta ci gaba da ja. Na buɗe baki zan yi magana, na juya kaina hagu kaɗan, sannan na mayar da idona kan hanya.

Sau bakwai na bi ta Hasumiya. Sau bakwai ta fito da ni. A zagaye na ƙarshe na hango Moira da kanta a kan dakali, ta karɓe tutar daga hannun mai ita, tana kaɗa baƙi da fari kamar mai korar kaji. Na ɗaga mata hannu na wuce.

Kafin in gama loda kaya filin ya kusa zama kango. Derek ya yi mini hon daga nesa. Na kira Bryony, wayar ta yi ta ƙara, na'urar ajiye saƙo ta ɗauka. Na fara yi mata bayani daki-daki: cewa motar ta mutu sau biyu, ba zan ɓoye mata ba, cewa na gano dalili, cewa kowane famfo waya biyu yake da ita. Ina daidai wurin notin kujerar mamanta na'urar ta yi ƙara ta katse ni. Na sake kira, na ce, "Ta kai tuta, ni kaɗai a ciki. Shawara tana hannunki." Na kashe.

A garin da ke rabin hanya na tsaya a shagon kifi da dankali. Ina cikin layi waya ta motsa a aljihuna. Saƙo ne, gajere.

"Na saurara sau biyu. Na yi kuka a ɗakin shan shayi na wurin aiki, kowa na kallona. Ka riƙe motarka, Baba. Ka kira ni in ka isa."

Na karanta, na sake karantawa. Matar da ke bayan kantar shagon ta buga cokalinta a bakin kasko.

"Na mutum nawa, baba?"

"Ɗaya."

"A nan za ka ci, ko in ƙunshe?"

Na ce a nan. Ta leƙa waje, ta ga 'yar koriyar motar a bakin titi ba rufi, ta dubi sama inda hadari ya fara haɗuwa.

"To zauna bakin taga," in ji ta. "In ruwa ya sauko ka gani da wuri."